Layi Ɗaya a Kan Ruwa

Ina goge sandar awo a bayan ofishinmu na Kaduna wani mai fataucin busasshen kifi daga Yelwa ya yi sallama ya miƙo mini takarda. Ta yi laushi, tana warin hayaƙi. An fara kai ta sansanin da muka zauna lokacin awon bakin tafkin Kainji, aka ce mun tashi, ta yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Magana kaɗan ce da ajami: Inna ta rasu a gungunmu, tsibirin da aka haife ni, an rufe ta kusa da Baba. Da na duba kwanan wata, har an yi sadakar arba'in ban sani ba.

Abu ɗaya na sa a raina, in tsaya a kan kabarinta in yi mata addu'a.

Mun tashi da asuba, ni da mai kifin, a bayan babbar mota mai katako, bisa buhunan gishiri. A Tegina muka karya da koko da ƙosai. A Kontagora muka ci tuwon dawa da miyar kuka. Mai tuwon ta rantse ta sa nama, abokin tafiyata ya ce ƙila ya sauka a tashar baya. Daga nan damina ta cinye hanya, sau biyu muna sauka mu tura.

A wani wuri mun wuce ƙarƙashin dogayen turakun ƙarfe masu ɗauke da wayar lantarki. Wani tsoho da ke kusa da ni ya nuna su da haɓa, ya ce an tatse wutar da ke cikin ruwan kogi, shi ya sa kifin bana ba shi da daɗi. Na ce masa babu wuta a cikin ruwa, nauyi ne kawai. In mace ta ɗaga taɓarya, ƙarfin hannunta yana ajiye a cikin taɓaryar, in ta sauko sai ta ba hatsi. Rana ke ɗaga ruwa daga teku, ya zuba a kan duwatsun yamma, ya gangaro. Bangon Kainji ya tare shi ya tara masa tsawo, in an sake shi ya faɗa kan babbar fanka ya juya ta. Masu awon da na yi wa aiki sun koya mini cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa.

Tsohon ya saurara har na gama. Ya ce, "To, malam, gonata da tafkin ya cinye, wace kama ta ɗauka?"

Da almuru muka shiga Yelwa.

Kasuwar Yelwa ta cika da kifi, ya yi araha, ana ta roƙon mutum ya saya. Albasa kuwa, wadda a da muke lodawa jirgi-jirgi daga gungaye, sai tsibi ƙanana a gaban mata biyu ko uku. Washegari na shiga jirgi mai inji muka yi kudu, wajen Ngaski. Muna tafiya kogin yana buɗewa, har ɗaya gaɓar ta koma baƙin zare a nesa. Rassan itatuwa suna leƙowa daga ruwa, tsuntsaye sun yi musu fari.

Sabon garin da aka mai da mutanenmu yana kan tudu. Gidajen siminti ne a jere, da rufi mai lanƙwasa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Da rana ba sa zaunuwa don zafi, saboda haka mutane sun kafa bukkoki a gefe, wasu sun bar wa awaki simintin. Nan na sami Kawu, ƙanen Inna, yana gyaran komar kamun kifi. Muka yi wa juna ta'aziyya. Na jira har muka sha fura kafin in tambaye shi dalilin da aka rufe ta a gungu, alhali kowa ya ga ruwa yana hawa.

Ya ce, "Tac ce ba ta tashi sai ruwa ya taɓa mata ƙofa. Zazzaɓi yar riga ruwan. Kuma kai ma ka san kogi. Farin ruwa da damina, baƙin ruwa da ɗari, tun kakanninmu. Shina zowa, shina komawa. Munka ce in ya janye mu koma mu aza mata tukunya bisa kabari."

Na san kogi. Amma ni na riƙe sandar awo a gungun nan, shekara uku da suka wuce. Ruwa da aka tare ba ya gangara, kwanciya yake yi, kuma ko'ina tsawonsa ɗaya, domin ƙasa tana jan kowane ɗigo daidai wa daida. In ka zuba ruwa a dogon tiyo ka ɗaga bakinsa biyu, inda ya tsaya a nan, nan zai tsaya a can, ko da tiyon ya kai daga Kainji zuwa Yelwa. Na nuna wa Inna haka a tsakar gida. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce boko ya mai da kogin Kwara tiyo. Na san tsawon maƙabartarmu, na san kuma iyakar inda tafkin zai sauka in an sake shi da rani. Maƙabartar tana ƙasa da wannan iyaka.

Washegari da hantsi Kawu ya ɗauke ni a ƙaramin jirginsa. Masunta ba sa buƙatar na'ura kafin su gane wuri a kan ruwa. Suna jera alama biyu a ido, ta kusa da ta nesa, har ɗaya ta rufe ɗaya. Wannan layi ɗaya ke nan. Sai su juya gefe su jera wasu biyu. Inda layukan suka gicciye, nan ne wurin, kuma babu wani wuri a duniya da zai amsa wannan kwatance sai shi. Abin da muke yi a ofis ke nan da takarda da fensir. Ranar jana'iza Kawu ya tsaya a kan kabarin ya ɗauki alamunsa: giginyar bakin masallaci a kan tsagar dutsen gabas, sai rimin mashaya a kan wani farin tudu na arewa.

Mun sami giginyar. Kanta kaɗai ya rage a waje, ganyen ya fara bushewa. Kawu ya sarrafa jirgi har ta zauna daidai a tsagar dutsen. Ya juya arewa. Farin tudun yana nan. Ya daɗe yana dubawa, hannu a goshi.

Ya ce, "Rimin ya faɗi."

Layi ɗaya ba ya ba da wuri. Abin da yake faɗa kawai shi ne, Inna tana wani wuri a kan wannan hanya. Kawu ya zura gora har hannunsa ya nutse, ba ta taɓa ƙasa ba. Sai muka bi layin a hankali, daga gindin giginyar zuwa inda yake zaton gungun ya ƙare, shi yana tuƙi, ni ina karanta Ƙulhuwallahu. Muka juyo muka sake bi. Tabbas mun wuce ta kanta sau biyu. Ban san a wace aya ba.

A hanyar komawa Kawu ya ce, "Kar ka damu, ɗan nan. Ka komo da bazara. Ruwa na janyewa sai in kai ka da ƙafa."

Na ce, "To, Kawu."

Kwana biyu na ƙara, na shiga mota na dawo Kaduna bisa kwandunan kifi. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Lissafin da na koya gaskiya ne, ruwa ya tsaya daidai inda muka rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Sanin hakan bai nuna mini kabarin Inna ba. Kawu ya riga ya sayi tukunyar, tana jingine a bayan bukkarsa. Har yau ban rubuta masa cewa ruwan ba zai janye ba.