Gurbin da Hajo Ta Bari a Kwali

Duk mai sayen mazarƙwaila a Kudan ya san Hajo, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Mace ce mai baki, ba ta barin magana ta kwana. Amma akwai suna ɗaya da ba a taɓa ji a bakinta ba, na Awwalu, ɗanta na fari. Haka ta taso ta gani: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi. "Wannan yaron" take cewa. Shekara tara ke nan da ya tafi ci-rani Kudu, tun a ta biyu wayarsa ta daina shiga, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta yi zancensa gaban mutane ba. Kewarsa kuma tana cinta, Allah ne shaida.

Da autarta Ramla, mai karatun jinya a Makarfi, ta zo hutu, sai ta zo da wani sabon salo wai shi allon buri. Kwali ne kawai, in ji ta, mutum ya manna hotunan abin da yake roƙon Allah, ya rataye inda zai riƙa gani kullum. Hajo ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce 'yan boko dai ba sa rasa abin yi, yanzu addu'ar ma sai da hoto? Kwana biyu tsakani, ita da kanta ta ce a nemo mata kwali.

Ramla ta kawo na sabulu. Hajo ta auna da tafin hannu, ta ce ya yi kaɗan. Aka kawo na taliya, ta taɓe baki. Sai da aka roƙo kwalin firiji a shagon Lawal hankalinta ya kwanta. To burin nata nawa ne? Huɗu fa kacal: Ka'aba da aka yanko daga tsohuwar kalanda, gida mai rufin kwano, injin matse rake, sai saniya. Ramla ta so a sa Ka'aba a tsakiya, Hajo ta ce can sama ya dace da ita. Sauran ukun duk ta tura su gefe-gefe, aka liƙe da sitaci. Tsakiya ta zauna wayam, faɗin faifai.

Ramla ta yi ta mita, ta ce wallahi bai yi kyau ba, gara a rage kwalin a matso da hotunan. Ta ɗauko reza. Hajo ta riƙe mata hannu. Awwalu bai bar hoto ko ɗaya ba, ita kuma ba ta iya rubutu ba.

"Rubuta min a nan," ta ce, idonta a ƙasa. "Wannan yaron."

Ramla ta gane. Don kada ta kunyata uwarta, sai ta rubuta yadda aka faɗa mata, ta karanto mata a hankali. Hajo ta daɗe tana kallon baƙaƙen.

"Yara nawa ne a duniya, Ramla? Soke shi."

 Shekara talatin da ɗaya sunan yana cikin Hajo bai taɓa fita ba sai yau.

"Awwalu. Sa shi da manyan baƙi."

Ramla ta rubuta, ta rufe biro. Hajo ta sake faɗin sunan, ta kuma faɗa, wannan karon tana duban ƙofar gida.