Ranar da Na Goge Gilashin Maigida da Toka

Mijina mai ɗaukar hoto ne a Lokuwa, mutum mai taurin kai, ga son abin da babu ruwansa da shi. Shekarar da rediyo ta ce an taka wata, sai ya yi wa mahaifinsa alkawarin hoton duwatsun watan. Tsohon manomi ne a Betso, idonsa ya fara hazo, kullum yana cikin fargabar makanta.

Madubin hangen nesa na farko da ya haɗa siriri ne kamar sandar rake. Hoton ya fito tamkar dunƙulen fura. Ya ƙara wa bututun tsawo har ya kusa taɓa rufin ɗaki, fura dai fura. Wani ma'aikacin safiyo ne ya ce masa tsawo ba ya tara haske, faɗin baki ake nema, da gilashi mai kyau. Ya sayar masa da nasa gilashin, mai faɗin faranti.

Ni kuwa ban iya ganin datti in wuce ba. Da hantsi na hangi ƙura a gilashin, na ɗebo toka da tsumma na dirje shi yadda nake wa ƙwan fitila, har ina yaba wa kaina. Da mijina ya dawo ya ɗaga shi a rana, duk ya yi zane-zane. Ya mayar da shi bakin bututun kawai. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Haka ya ɗauki hoton, ya wanke. Wata ya fito ƙato, amma dishi-dishi, babu dutse ko ɗaya.

Muka kai Betso. Tsohon ya kai hoton dab da hancinsa, ya juya, ya sake juyawa, sannan ya ajiye a hankali.

"Shi ke nan," ya ce. "Idona ya ƙare."

Mijina ya sunkuyar da kai, ya gwammace ya yi shiru da ya tona ni. Ban taɓa son sa kamar ranar ba, amma na kasa jurewa. Na durƙusa.

"Baba, ba idonka ba ne. Ni na goge gilashin da toka. Mu ma ba ma ganin komai."

Tsohon ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ashe da sauran idona."