Matar da Ke Kiran Ƙwayoyin Cuta

Ta tagar ɗakin bincike na asibiti nake hango ta, doguwar mata cikin farar riga, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A gabanta akwai ɗan farantin gilashi mai ɗauke da ƙwayoyin ciwon daji. Tana ɗiga wani sinadari a gefe guda, irin wanda jiki ke saki idan yana kiran sojojin jini zuwa wurin rauni. Cutar ma ta koyi amsa wannan kiran, da shi take gane hanyar ƙashi da huhu.

A allon kwamfuta ƙwayoyin na rarrafowa wajen ɗigon, ba gaggawa, ba ɓatan hanya. Tana kaɗa musu harshe yadda ake kiran kaji. Ina jin a gida babu mai amsa mata da biyayya haka.

"Yaya, sabon maganin ya toshe musu kunne?" in ji wani likita abokin aikinta. "Majinyata na hawan sama suna jira."

"Ina fa! Sun fi surukata jin raɗa."

"Kuma wanda aka ciro su daga jikinsa tun bara aka binne shi."

"Rage murya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba a faɗa wa ƙwayoyin ba tukuna."