Takin da Kawu ya roƙa

Jiya a ofishin lauya a Tambuwal na ga Kawuna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa gani ba.

Daga Kebbe na ɗauko shi. Ɗiyarsa Hadiza, 'yar shekara bakwai, tana kwance a asibitin Sakkwato da ciwon daji. Likita ya ce ba zai rantse kan sanadi ba, amma a binciki ruwan da take sha.

Shekarun baya wani kamfani ya kwashe dattin tsohon sitonsa na maganin feshi. Kun san halinmu, in tifa ta wuce da baƙar ƙasa, taki muke gani. Kawu da kansa ya tare direban tifar da ta ɗauko dattin, ya roƙa a juye masa a gona, dab da rijiyar gidansa. Aka sa shi ya dangwala hannu a takarda. Har kaza ya ba direban tukwici.

Lauya ya ce, "Baba, za mu shigar da ƙara, amma da wannan takardar za su kare kansu. Za su ce kai ka nema."

Kawu ya ce, "Gaskiya ne, ɗana, ni nar roƙa. Amma taki nar roƙa. Direban ya rufe hancinai da ƙyalle, ga safar hannu. Yak karɓi kazata, yac ce Allah shi ba da amfani."

Muka kamo hanyar gida. Ni kuwa raina tafasa yake.

Jama'a, ku faɗa mini, tsakanin wanda ya roƙa bai sani ba da wanda ya toshe hanci ya juye, wa ya cuci Hadiza?