Motar Manzo da Ba a Taɓa Turawa Ba

A Madawa ba mu san Jamus ba. Babu wanda ya taɓa zuwa, kuma in ka shimfiɗa taswira a tasha ka ce a nuna maka ita, rabinmu Makka za su nuna. Amma mun san ƙarfenta. Tukunya in ta yi nauyi, ta Jamus ce. Tsohuwa in ta binne maza uku tana nan daram, sai a ce ƙirar Jamus ce. Kowa a garin yana da rabonsa na wannan imani, sai dai Manzo ya kwashi mai yawa, har sunan ya bi shi: Manzo Alman, wato Bajamushe da Faransanci.

Ɗan ƙauyen Galma ne. Ubansa ya ba shi hauya, ya duba ta, ya duba rana, ya gudo tasha. Ya koyi tuƙi, ya yi shekaru yana jan babbar motar albasa zuwa Abijan, kuma motar ta Jamus ce. Yakan ce sau ɗaya ta taɓa tsayawa a hanya, shi ma jandarma ne ya ɗaga mata hannu. Da bayansa ya fara ciwo sai ya tattara abin da ya tara ya tafi Kotonu, ya dawo da ƙaramar mota mai launin kunun da ya kwana. Ta girmi ɗansa na fari, Kamilu. Da ita ya shiga ɗaukar fasinja tsakanin Madawa da Ƙonni, kan kwalta, ba ya sauka ko taku ɗaya.

A tasharmu turin mota ba abin kunya ba ne. Fasinja ya san kafin ya zauna sai ya tura. Manzo kaɗai ya mai da shi abin kunya. Ran da ya kawo motar ya tsaya gaban direbobi ya buga ƙirji.

"Hannun ɗan Adam ba shi taɓa bayan motag ga. Ran da kunka ga an tura ta, ku kira ni da sunan da kunka ga dama."

Alƙasim, wanda ke jan buɗaɗɗiyar motar Japan zuwa kasuwannin ƙauye, ya ce, "Na aje maka suna tun yanzu, Alman. Ba ni hwaɗi sai ranar."

A yi wa motar adalci, ta yi aiki. Ta ɗauki amare da gawa da buhunan gero, ba ta yi ƙorafi ba. Amma tsufa ba ya tambayar ƙasar da aka ƙera ka. Wata safiya Manzo ya murɗa makulli, ya ji ƙyas, shi ke nan. Illa makanike ya leƙa ya ce demarer ne ya mutu, wato abin da ke tada inji.

"Ga sabo dal, ɗan Sin. In ɗaura maka yanzu ka tahi."

"Illa, kai ka iya sa ma doki haƙorin jaki?"

"In dokin na son cin abinci, awo."

Manzo ya ƙi. Ya aika Kotonu a nemo masa na asali. Shekaru sun shuɗe, na asali yana hanya.

Abin da ya yi shi ne ya sa aka zuba masa jar ƙasa a ƙofar gida, aka yi tudu mai gangara, ya ce saboda ruwan damina ne. Kullum da safe sai ya saki birki, mota ta gangaro, ta yi tsalle, ta yi tari, inji ya kama, shi kuma ya gyara hula kamar wanda ya murɗa makulli. A tasha ba ya kashe ta. Ya sauya masallacin Juma'a ya koma wanda ke kan jigawa, ya ce huɗubar limamin can ta fi ratsa shi. Mu kuwa duk mun sani. Matan unguwa da tarin motar suke sanin lokacin ɗora koko. Muka rufa masa asiri, domin in motar Manzo ta kunyata Jamus ce ta kunyata, mu kuma ba mu da wata Jamus ɗin.

Haka aka zauna har daminar da matar Kamilu ta haihu. Kamilu malamin makaranta ne a Keita, can ya yi aure, kuma a gidan iyayenta matar ta sauka. Jikar Manzo ta farko. Surukin, Malam Yaƙubu, mai gona ne mai garke, ya aiko da saƙo cikin ladabi cewa kada Manzo ya wahala da ragon suna, ga tumaki nan a gida. Ladabin ne ya fi yi wa Manzo zafi. Ya buga wa Kamilu waya.

"Ka hwaɗa mishi rago na nan, ni na kiwata shi da hannuna. Kar ka saya, kar ka amsa. In anka yanka ragon gidan mata ga ɗiyarka, har ka mutu ba ka ɗaga kai cikin gidan nan."

Matarsa Fadimatu ta riga ta yi gaba da sauran mata. Manzo ya ɗaure rago ya sa a bayan mota, ya bar murfin a ɗage, ya kwana a Buza wajen yayarsa Zali. Yana son Buza, gari ne da duk inda ka ajiye mota gangara ce. Bayan asuba suka kama hanyar Keita, Zali a gaba da ƙwaryar goro a cinya. Ba a yi ruwa a Buza ba, amma an yi kan duwatsu.

Suka iso wata ƙorama mai faɗi. Ruwan ya wuce, ya bar yashi jiƙe yana ƙyalli, sumul kamar an share. A bakinta mazan ƙauyen da ke kusa suna tsaye da sanduna da shebur. Aikinsu ke nan duk damina: ɗaya ya shiga gaba yana caka sanda yana nuna inda ƙasa ke da ƙarfi, sauran su dafa bayan mota tun daga wannan gaɓa har waccan, kada ta tsaya ko kaɗan. Direban da ya san hanyar ba ya shiga sai da su. Shugabansu, wani dattijo mai rawani da ake kira Abdulmumin, ya matso.

"Sannu da hanya, Alhaji. Ka bi bayan sandata, yara su dafa ta."

"Su dafa wa?"

"Motar."

"Baba, ka san motar ina ce wagga?"

Abdulmumin ya dube ta daga gaba har baya. "Ban sani ba. Amma yashin ma bai sani ba."

Zali ta ce, "Manzo, bari su dafa. Ba wanka za su yi mata ba."

"Yaya, ki yi shiru ki ga aikin Jamus."

Ya ja baya, ya taka wuta, ya zaɓi wurin da ya fi sumul, wanda duk ɗan ƙauyen ya san shi ne mafi laushi. Motar ta yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ta kai tsakiya, sannan ta zauna a hankali kamar Hajiya a kan darduma. Manzo ya ƙara wuta, tayoyi suka haƙa wa kansu rami. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ragon ne kaɗai ya yi magana.

Manzo ya duba hagu, ya duba dama. Duk faɗin ƙoramar babu gangara. Ko'ina sama yake.

"To murɗa makulli mana," in ji Zali, wadda ta san komai.

Ana haka sai ga Alƙasim da motar Japan, cike da ƴan kasuwa har kan rufi. Ya bi bayan sanda, aka dafa masa, ya haye. Sannan ya ajiye mota ya dawo da ƙafa, hannu a baya, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

"Alman, hutawa kake? Ko Jamusawa sun ce a riƙa jiƙa ta?"

Manzo ya buɗe ƙofa. Ya fito ya durƙusa yana yaye yashi daga tayar baya da tafin hannu, cikin babbar rigar suna. Mazan ƙauye suka tsaya suna kallo, tunda an hana su taɓawa. Wayarsa ta yi ƙara. Kamilu ne, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, kuna ina? Liman ya zamna. Malam Yaƙubu ya sa an kamo rago guda, wai ko da za a buƙata. Ga shi nan ɗaure gaban mutane."

"Ka ce su kwance shi. Muna bakin gari."

Ya kashe waya. Zali ta sauko, ta tattare zani, ta zo ta tsaya a kansa.

"Kai, tashi. Tun kana tsirara nike goyonka, ba ka da abin ɓoye mini. Kowa ya san tudun ƙohwar gidanka. Kaji ma sun sani. Yaron ga na can cikin surukai yana kallon ragon wani, kai kana nan kana gadin gindin mota. Jamusawan sun san da kai?"

Manzo ya waiwaya. Ya dubi ragon, ragon ya dube shi. Sai ya miƙe ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Zali, ya zaro makulli ya ba Alƙasim.

"Shiga. Ka sa ta giya ta biyu. In mun hau tudu na ce saki, ka saki kuloci. In ta kama kar ka tsaya."

Ya zagaya baya. Hannun farko da ya taɓa dafa motar nan da niyyar turi, nasa ne. Ya juya ga mazan ƙauye ya ce, "To, bayin Allah, ku taɓa ta."

Aka haƙa, aka shimfiɗa rassa, aka tura. Ba ta motsa ba. Ƴan kasuwar Alƙasim suka sauko. Masu noma a gefe suka aje hauya. Har Zali ta sa kafaɗa tana zagin Manzo da ƙasar da ba ta san inda take ba. Motar ta fito da ƙyar, aka hau gaɓa da ita, Manzo ya yi ihu, "Saki!" Ta yi tsalle, ta yi tarin nan da duk Madawa ta sani, ta kama. Alƙasim kuwa ya bi umarni, bai tsaya ba. Mutanen ƙauyen har yau suna ba da labarin dattijon da ya bi motarsa da gudu, ba riga, takalmi ɗaya, yana kiran a jira shi, rago na leƙensa ta baya.

Sai can gaba Alƙasim ya tsaya, inji na aiki, ya bar wa Manzo da Zali motar ya koma tasa. Sun shiga Keita liman ya fara duban rana. Manzo ya sauke ragonsa, laka har gwiwa, aka kwance na Malam Yaƙubu aka mai da shi garke. Aka yanka, aka raɗa wa yarinya Raihanatu. Kamilu ya ɗaga kai.

Da suka dawo, direbobi suka taru a ji sunan da Alƙasim ya ajiye shekara da shekaru. Ya sosa ƙeya ya ce ya manta, kuma duk wanda ya nema bai kai Alman ban dariya ba. Illa ya ɗaura demarer ɗan Sin a satin. Tudun ƙofar gida yana nan, Fadimatu na shanya kuɓewa a kai.

Yanzu Manzo da kansa yake ba da labarin, har ya tashi ya kwaikwayi gudun. Amma in ka tambaye shi wace mota ce mota, ba ya ko numfasawa.

"Ta Jamus mana. Rabin ƙauye munka taru kahin ta motsa. Ta Alƙasim, mata biyu da goyo sun ishe ta."