Hatimin Yaya Mumuni Ba Na Haya Ba Ne

Shekara bakwai ke nan da muka rufe wana, Yaya Mumuni, a maƙabartar Tafo. Ba kewa ce ta sa na ɗauki biro bana ba, haushi ne.

Ga wanda bai san shi ba, mai gyaran kwamfuta ne a unguwar Asawase. Tsofaffin laftof da ake kawowa daga waje yake cire wa tsarin saye mai nauyi, ya sa musu Linux, tsarin kyauta da kowa ke iya buɗe cikinsa. Sai dai ba kowace na'ura ce ke jituwa da shi ba. Wata sautinta ya ɗauke, wata ta ƙi kama intanet, wata ta yi zafi kamar dutsen guga. Kowane mai shago kuwa rantsuwa yake tasa lafiya lau take.

Yaya ya tara masu sana'ar, ya ce a yi ma'auni ɗaya. Da an kira azahar a zare wayar cajin na'urar daga wuta, a kunna bidiyo iri ɗaya a intanet, da sauti. Wadda ta kai kiran la'asar da ranta, a buga mata hatiminsa na tagulla, mai ɗauke da sunansa, da koren tawada. Wadda ta mutu a hanya, a gaya wa mai saye gaskiya. Sun yarda ba don Allah ba, sai don masu saye sun fara kife kwamfuta suna neman kore.

Bayan rasuwarsa shugaban ƙungiyarsu, Alhaji Seidu, ya zo aron hatimin, wai kada aikin marigayi ya mutu. Ni tela ne, me na sani? Na miƙa masa har da godiya. Wautar da ta fi ci mini rai ke nan.

Watan jiya wata malamar makaranta, Malama Zeinabu, ta shigo shagona, ta kife laftof a kan keken ɗinkina. Tana tsakiyar jarrabawar ƙarin girma aka ɗauke wuta, minti arba'in na'urar ta mutu.

Ta ce, "Baaba, wannan ba hatimin wanka ba ne? Ni shi na saya, ba kwamfuta ba."

Na bi diddigi. Kun san Zongo, kowane lungu da masallacinsa, kowane ladan da agogonsa. Mutanen nan sai su jira masallacin da ya fi kowa jinkirin azahar su kunna, su kashe da wanda ya fi kowa saurin la'asar. Gwajin da kan kusa awa uku ya koma ɗan abin da bai kai cin tuwo da hira ba.

Da na tari Alhaji Seidu, ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Massa, masallaci masallaci ne. Azahar zuwa la'asar ya ce. Ba mu karya doka ba koraa, ko kaɗan."

Da Yaya na nan, ba zai yi musu da shi ba. Ficewa zai yi, don bai iya zama da mai yin ha'inci da kiran salla ba. Ni ban kai shi haƙuri ba. Na tsani abin da suka yi, na kuma tsani yadda suke kiran sunansa da "Allah ya jiƙan malaminmu" alhali da sunan suke cutar mutane.

Yanzu wai taron tunawa da shi suke shiryawa, da rumfa da kujeru da hotonsa, ni ne ma babban baƙo. Na ce su ba ni hatimin in goge shi ya yi ƙyalli kafin ranar. Na hau trotro, motar haya, zuwa unguwar Suame, wani abokina mai walda ya ɗora shi a kan injin wasa ƙarfe. Ina tsaye sunan wana ya bi iska.

Abin da Yaya ya bari bai taɓa zama cikin tagulla ba. Mai son sayen laftof ya je da azahar, ya zare wayar da hannunsa, ya zauna har la'asar ta masallaci ɗaya. Hatimin kuwa zan kai musu ranar taron kamar yadda na yi alkawari. Na goge shi tas.