Gwaggo Hajo da Haƙoran Sama

Bana shekara talatin ke nan da muka rufe Gwaggo Hajo, yayar mahaifina, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Gaya. Mafaɗaciya ce ta bugawa a jarida. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ba don ita ba da ban kai yaye ba.

An haife ni jim kaɗan bayan tafiyar Nasara, a ƙauyen dangin innata, ƙetaren gulbi. Da na isa fitar da haƙori, sai na sama suka riga na ƙasa. A can, a wancan zamani, jaririn da ya yi haka maye ne, zai cinye gida. Akwai tsohon da ake kira ya tafi da shi daji, ba a sake tambaya. Innata ta gani, ta ɓoye abin don tsoro, har ranar da Gwaggo ta zo sarin kifi. Gwaggo ta zura yatsa a bakina, ta ji abin da ta ji, ta goya ni, ta lulluɓe ni ruf.

"Ƙyanda ce ta kama ɗiyar nan, likita zan kai ta," ta ce wa tsofaffin gidan. "Mai so ya matso ya buɗe."

Ba wanda ya matso. Haka ta shiga jirgi da ni.

A Gaya ta yi ta murza mini dasashin ƙasa da man kaɗe, wai su yi sauri su fito. Suka fito sa'ad da Allah ya so, amma magana ta riga ta haye gulbi, dangi suka hana a mayar da ni. An ce zumunta a ƙafa take, innata kuwa takan zo, sai dai in na yi dariya ta kau da kai. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Gwaggo ce ta raine ni da asuwaki da ruwan gishiri kowace safiya. Ita nata haƙoran goro ya gama da su, amma in na yi ƙyuya sai ta daka mini tsawa: "Haƙoran da na yi ƙarya dominsu ba za su ruɓe a gidana ba!"

Bara jikata ma na sama ta fara fitarwa. Ungozomar likita ta ce ba komai, a riƙa goge su da tsumma mai tsabta, a rage zaƙi. Da Gwaggo na nan, na san ba murna za ta fara yi ba, faɗa za ta yi: mun ƙwace yara daga hannun tsohon daji, mun miƙa bakinsu ga mai alewa.

Gwaggo ba ta bar gida ko gona ba. Ni ta bari, da 'ya'yana, da nasu 'ya'yan. Allah ya sa wannan ne haskenta a kabari.

A wancan lokacin, ranar sadakar ukun Gwaggo, innata ta zo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta zauna kusa da ni, ta ce, "Ɗiyata, buɗe bakinki in gani."

Na buɗe, ina uwar 'ya'ya. Ta daɗe tana kallo, hawaye na zubo mata.

"Ashe haƙora ne kawai," ta ce.